Ruwan Ƙasan Teku da Lemon Hajara

Zainabu, lokacin da kuka zo Babbar Sallah na ji abin da kika gaya wa mijinki a tsakar gida. Kin ɗauka barci nake yi a kan kujera. Ya tambaye ki me ya sa mutumin da ya kewaya duniya a jirgin ruwa ya ƙare yana auna ruwan rijiyoyin unguwannin Nkomkana da Madagascar a nan Yawunde, kika ce masa, "Ai Mama ce ta ƙi bin sa." Ban tanka ba, domin ba zan gyara miki magana a gaban surukina ba. Amma na san ba ke kaɗai ke da wannan zaton ba. Ɗan'uwanki Nuhu ma haka ya ɗauka, haka kuma rabin mutanen unguwarmu ta Briqueterie. Mamanku ba ta nan balle ta kare kanta, kuma ko tana nan ba za ta yi ba. Don haka zan faɗa muku yadda aka yi a shekarar, da dalilin da ya sa na hana Nuhu jefar da tsohon gwangwanin fentin nan da ke gindin katanga.

Aikina a lokacin kun san shi a baki, amma ban taɓa zama na bayyana muku ba. Jiragen bincike ne suke ɗaukata na wasu watanni, wani zubin zuwa tekun ƙanƙara na kudu, wani zubin zuwa na arewa, in aka dawo kwangila ta ƙare sai an sake nemana. A kan jirgin akwai wani keji na ƙarfe mai ɗauke da dogayen kwalabe. Ana saukar da shi da waya zuwa ƙasan teku, in ana jawo shi kowace kwalba ta rufe bakinta a zurfin da aka umarce ta. Ni ne mai karɓar ruwan. In tsiyaya shi da yatsun da sanyi ya kashe, in shiga labo, wato ɗakin gwaji, in haɗa shi da magunguna, wani ya koma shuɗi, wani ya koma ruwan hoda, na'ura ta karanta kaurin launin ta gaya mana yawan abincin da ke cikin ruwan. Ba abincin kifi kai tsaye ba, abincin ƙananan tsirran da ido ba ya gani, waɗanda ƙananan jatan lande ke ci, kifi ya ci su, har a kai ga manyan dabbobin teku. Da na yi wa Malam Bello tela wannan bayanin a shagonsa, sai ya dakatar da keken ɗinkinsa ya dube ni ta saman tabarau.

"To tsaya, Malam Isa. Duk wannan karatun da tafiye-tafiyen, ashe ɗiban ruwa kake yi?"

"Kusan haka ne."

"Kai, Garuwa! Nawa ne jarka a can?"

Daga ranar sunan ya bi ni. Har yau in na wuce layin masu gasa nama akwai tsofaffin da ke kirana Garuwa, ni ma ina amsawa.

A jirgin kowa da yadda yake kiran abin da nake aunawa. Faransawa suna ce masa gishirin ciyarwa, Jamusawa su ma kusan haka, masu Turancin Ingilishi suna da tasu kalmar da ba ta da ɗanɗano ko kaɗan. Ina iya gardama a kansa da harsuna uku, amma ban taɓa faɗarsa da Hausa ba, don babu wanda zan faɗa wa. Ni kaɗai ne baƙar fata a yawancin tafiye-tafiyen, ni kaɗai ke shimfiɗa darduma a tsakanin akwatunan kwalabe ina ƙiyasta lokacin salla da agogo, domin rana takan ƙi faɗuwa. Mutanen kirki ne, suna ajiye mini kifi in an dafa naman da ba na ci. Amma mutum zai iya zama cikin mutanen kirki wata uku ba tare da ya yi dariyar da ta fito daga cikinsa ba.

Mamanku Hajara ce ta fara tilasta mini in faɗe shi da Hausa. Kun san ita haihuwar wani ƙauye ce kusa da Zariya, babanta manomi ne kafin ya bi 'yan kasuwa zuwa Yawunde, kuma ba ta yarda da bayanin da ba za ta iya maimaita wa maƙwabciya ba. Wata rana da hantsi tana dafa miya, ina zaune a bakin ƙofar madafa, ta ce:

"Malam, wai me kuke nema a ruwan nan da babu a tekun Duwala?"

Na yi ta lalube, can na ce, "Taki."

"Taki? A cikin ruwa?"

Na ce mata duk abin da ya mutu a saman teku nutsewa yake yi, ya ruɓe a can ƙasa inda babu haske, takinsa ya taru a ruwan ƙasa shekaru ɗaruruwa. Tsirran kuwa a sama suke, inda rana take. To gona tana sama, juji yana ƙasa, kuma babu jakin da zai kai wannan ga wancan sai iska da tafiyar ruwa. A tekun kudu akwai iska mai ƙarfi da ke kewaya duniya ba tsayawa, ita ke ture ruwan sama gefe, tsohon ruwan ƙasa ya taso da takinsa. Wani ɓangarensa ya sake nutsewa ya nufo arewa a ɓoye, ya je ya ciyar da tekuna masu zafi da ke nesa ƙwarai.

Ta sa muciya ta juya miyar daga gindin tukunya, daddawa da kuɓewar da suka kwanta suka taso.

"Haka?"

"Haka ne daidai."

"To ai sai ka ce motsa tukunya. Na arewan fa?"

Na ce na arewa wani hali gare shi. Koguna suna zuba masa ruwan daɗi, ƙanƙara kuma tana narkewa a kansa, ruwan daɗi kuwa ya fi na gishiri rashin nauyi, sai ya kwanta a sama ya zama murfi. In duniya ta ƙara ɗumi, ƙanƙara ta ja baya, haske ya yawaita, za ka zata tsirrai za su yi murna, amma in murfin ya yi kauri takin ba ya iya hawowa, sai su cinye ɗan abin da suka samu da wuri su zauna da yunwa. A wasu wuraren kuma ruwa mai ɗumi daga kudu yana kutsowa ya fasa murfin. Shi ya sa ake komawa layi ɗaya a teku shekara bayan shekara ana aunawa, don awo ɗaya ba ya nuna inda abu ya dosa. Ta ɗauki kwalbar manja ta tsiyaya a kan miyar, muka zuba ido yana malala a sama ja wur, ya ƙi haɗuwa.

"Manja ya rufe miya," ta ce. "Ka ga na gane. Ku dai kuna son wahalar da magana."

Daga nan muka samu harshenmu. In na bugo waya daga wata tashar jirgi, bayan ta gaya mini lafiyarku sai ta ce, "Yaya tukunya, an motsa?" In arewa na je ta ce, "Manjan ya yi yawa bana?" Abu ɗaya ne ya daɗe yana damunta. Na gaya mata tekun kudu ya fi kowanne taki, amma tsirransa ba su da yawa kamar yadda ya kamata, domin ƙarfe ya yi masa ƙaranci, ɗan ƙarfen da ƙura ke kai wa sauran tekuna daga ƙasa, shi kuwa ya yi nisa da kowace ƙasa. Ta ce wannan abin tausayi ne, a ce gida cike da hatsi amma babu ashana.

A shekarar da nake ba ku labari, shugabar tafiyarmu, wata Bajamushiya mai suna Marta, ta kira ni gefe kafin mu sauka. Ta ce cibiyarsu tana son mutum ɗaya da zai riƙe awon layin nan na kudu dindindin, hannu ɗaya, hanya ɗaya, don kada a rikita canjin teku da canjin ma'aikaci. Aiki ne na zama, da gida a wani gari na bakin teku a ƙasarsu, da izinin kawo iyali. Ta ce in je gida in yi shawara, za su jira ni zuwa ƙarshen damina. Abin da na yi shekaru ina fata ke nan. A tasha ta ƙarshe, da kwalbar da ta fi kowacce zurfi ta hau, na cika wata babbar gora da ragowar ruwan na rufe ta sosai. Tsarabar Hajara ce. Na yi tunanin in ta riƙe shi a hannunta, wurin zai daina zama tatsuniya.

Na gaya mata batun aikin tana tsugune gaban gwangwanin nan. Lemon tsami ne a ciki, bai kai gwiwa ba. Yawunde cike take da lemo, ana sayar da shi tuli-tuli a kasuwar Mokolo, amma wannan daban ne. Da kakarku ta rasu, Hajara ta je gida can ƙauyensu ta'aziyya, ta dawo da lemo uku daga bishiyar tsakar gidansu a ƙulle cikin gefen zane. Ta shuka 'ya'yan, ɗaya ne ya fito. An sayar da gidan daga baya, wanda ya saya ya sare bishiyar. A lokacin da na dawo ganyen lemon ya fara yin rawaya, ta rasa dalili.

Ba ta ce a'a ba. Ku riƙe wannan. Tambayoyi ta yi.

"Akwai masallaci?"

"Akwai, sai an hau mota."

"Wa zan yi wa magana in ka tafi teku?"

"Za ki koyi harshensu. Ai kin koyi Faransanci da Fulatanci a nan."

"A nan ai mutane a waje suke, Malam. Ka ce can kowa a ɗaki yake." Ta taɓa ganyen. "Wannan fa?"

Na ce ba a barin shiga da shuka, kuma ko an bari sanyi zai kashe shi. Ta gyaɗa kai. Sai na ɗauko gorar na miƙa mata, na ce wannan ruwan tun kafin a haifi kakannin kakanninmu rabonsa da ganin rana, kuma a duk tekunan duniya da wuya a samu wanda ya fi shi taki. Ta ɗaga shi ga haske, ta ce kamar na famfo, ta kai ɗaki ta ajiye.

Kashegari na hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere in gaida kawuna in gaya masa shawarar, kamar yadda ya kamata. Na ɗan daɗe, don na tarar ba shi da lafiya. Da na dawo na yi sallama, na ji ku kuna wasa a gidan maƙwabta, tsakar gida shiru. Lemon ya zubar da ganyensa gaba ɗaya. Saura sandar kawai, ƙasar gwangwanin kuma ta yi fari-fari a sama. Gorar tana gefe babu komai a ciki. Hajara na zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Sannu da hanya. Yaya jikin Kawu?"

"Da sauƙi. Hajara, me ya samu lemon?"

"Takinka na ba shi. Kullum da safe kaɗan-kaɗan."

"Ruwan teku ne fa! Ba ki ji gishiri ba?"

"Na ɗanɗana, na ji." Sai a lokacin ta dube ni. "To ai takin zamanin da Baba ke sa wa masara, gishiri ake ce masa. Fari ne, kamar gishirin. Kai da bakinka ka ce Faransawa ma gishiri suke kiran naka. Na ce ashe shi ne. Da ya fara yanƙwanewa na zata bai ishe shi ba, na ƙara."

Babu inda ta kauce daga abin da na koya mata. Abin da ban taɓa faɗa ba, don a wurina bai kai a faɗa ba, shi ne takin da ke cikin gorar nan duka bai wuce nauyin 'yan ƙwayoyin gero ba, gishirin kuwa ya kai cikin tafin hannu. Abin da muke kira mai yawa a teku, a gwangwani ba komai ba ne. Na cire ƙasar, na wanke saiwar da ruwan sama, na sake dasa shi. Muka jira. Bai farfaɗo ba.

Ban ga ta yi kuka ba. Ta ci gaba da harkokinta, ta kai ɗinki wurin Malam Bello, ta je suna a unguwar Messa. Wata safiya bayan kun tafi makaranta ta kawo mini kunu, ta zauna a gefen tabarma ta ce:

"Malam, ka gaya wa matar nan mun yarda. Mu tafi."

"Kin tabbata?"

"Me ya rage zan yi wa ban ruwa?"

Har ta sauko da akwatin aurenta daga kan kabad ta goge shi. Ta tambayi wata matar soja da ta taɓa zama a Turai irin rigunan sanyin da ake saya wa yara. Kuna ƙanana, ba za ku tuna ba.

Ni kuwa tun da ta faɗi maganar na kasa sukuni. Na san garin da za mu. Na san watannin da rana ke leƙowa ta koma kafin a gama abincin rana, na san benen da za ka yi shekara ba ka san sunan wanda ke bayan bangonka ba. Ni na saba, kuma ina da teku. Ita kuwa rabin shekara zan bar ta a can. A nan kafin ta isa bakin titi ta gaisa da mutum goma da harsuna uku, Maman Aisatu ta leƙo ta katanga neman kanwa, mai kifi ya yi mata ba'a da Pidgin ta rama. Duk lokacin da na dubi sandar nan a gwangwani sai in ga na riga na kawo mata abu ɗaya daga can da kyakkyawar niyya. Kuma yadda ta ce "mu tafi" ya yi mini kama da maganar wanda ya daina riƙe komai, ba wanda yake ɗokin zuwa ba. Haka na fassara shi.

Na je gidan waya na buga wa Marta na ce ba zan karɓa ba. Ta ce ta fahimta, za su ɗauki wani, kuma wanda suka ɗauka shi zai riƙa yin tafiye-tafiyen da nake yi. Na san haka tun kafin in buga. Ban sake hawa jirgin ruwa ba. Da na dawo gida na ce wa Hajara na fasa, aikin bai dace da mu ba. Ta dube ni ta ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri." Ta mayar da akwatin kan kabad. Mutanen unguwa suka ga Garuwa ya zauna, suka yanke hukuncin matarsa ce ta ɗaure shi. Ta ji, ba ta musa ba.

Na samu aiki a wani labo mai auna ruwan sha, na yi shi har na yi ritaya, kuma aiki ne mai amfani, ba na raina shi. Na ga girmanku, wanda da ban gani ba. Amma ba zan ɓoye muku ba, akwai shekarun da in na ji iska ta taso kafin ruwan sama sai in tsaya a tsakar gida in buɗe ƙafafuna kamar ƙasa za ta karkata. Tsofaffin abokan aiki sukan aiko mini da labarin layin kudu, da yadda iskar take ƙara ƙarfi tana matsawa, da gardamar da ake yi kan ko takin da ke tafiya tekuna masu zafi zai ragu nan gaba. Babu wanda zan gaya wa a duk faɗin unguwar nan sai mutum ɗaya. In shigo in ce, "Hajara, an ce muciyar ta canja hannu." Ta ajiye abin da take yi ta ce, "To fa. Ba ni labari."

A ciwonta na ƙarshe, wata la'asar ina yi mata fifita, ku kun fita sayo magani, ta ce:

"Malam, wai da gaske ƙanƙarar nan shuɗiya ce?"

"Wata shuɗiya ce, kamar an rina ta a marina."

"Da na so in gani."

Na dakatar da fifitar. "Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta yi ɗan murmushi, idonta a rufe. "Ai na faɗa. Na ce maka mu tafi."

Ban san ko da ta ji daɗin can ba. Wataƙila da ta bushe a benen nan kamar yadda na ji tsoro, wataƙila kuma da ta koyi Jamusanci ta fi ni, ta tara maƙwabta a madafarta. Na yi shekaru ina auna abin da ido ba ya gani a ƙasan teku, amma wannan ba ni da na'urar auna shi, kuma awo ɗaya aka ba ni.

Yanzu labaran suna zuwa mini a waya. Makon jiya na karanta wani rahoto a kan tekun arewa, da ruwan daɗin da ke ƙara taruwa a samansa. Na gane shi sarai da harshen da aka rubuta shi, zan iya juya shi zuwa wasu harsuna biyu. Na miƙe na nufi madafa, na kai bakin ƙofa har na buɗe baki zan ce manja ya ƙaru bana. Wannan harshen mu biyu ne kawai muke jin sa.

To, Zainabu, in mijinki ya sake tambaya, ki gaya masa Mama ta goge akwatinta. Kai kuma Nuhu, na ji ka ce gwangwanin ya yi tsatsa kuma babu komai a ciki sai busasshiyar ƙasa. Gaskiya ne. Ka bar shi inda yake.